Sababbin zuwa Kuala Lumpur, dan Allah ku dinga fita da yara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman waɗanda suka iso Malesiya da iyali a wannan zangon karatun, na Serdang da Bangi da Gombak da Nilai har na Cyberjaya, sannunku da hanya, Allah yasa an zo a sa'a.

Maganar fita da yara nake so inyi, don abin da nake gani yana damuna sosai. Maigida zai fita tun safe yana fama da lab da sufabaiza, sai dare zai dawo a gajiye, ita kuma uwargida tana can saman bene ita da yara, ba maƙwabciyar da zata leƙo, ba tsakar gida, ba gidan biki ba gidan suna, yaron da ya saba wasa da 'yan unguwa a ƙofar gida yanzu daga katifa sai waya. Kafin a jima zaki ga yaro ya koma rigima ba dalili, ke ma uwar ranki kullum a dagule. In an ce a fita sai a ce ai babu kuɗi, alawus bai shigo ba, ringit tayi tsada in an juya da naira. Eh tayi tsada, ban musa ba. Amma wallahi wuraren da yara suka fi jin daɗi a garin nan yawancinsu kyauta ne ko kuma kuɗi kaɗan, matsalar dai sabon zuwa mol kawai ake nuna masa, a je a zaga a sha sanyin esi a kashe kuɗi a dawo.

Kafin wurare, ku fahimci yanayin garin tukun, don shi ke ɓata ma mutane fita. Nan babu hunturu babu bazara irin namu, zafi ne mai gumi shekara duka, kuma ruwa yafi saukowa da yamma, wajen la'asar, da tsawa mai ƙarfi. To duk wurin da yake fili ne ku je da safe, ku bar gida da an yi kalaci, kafin azahar kun gama. Yamma a barwa wuraren da ke da rufi. In kunji tsawa ku fitar da yara daga ruwa da filin wasa nan take, tsawar garin nan ba ta wasa bace. Lema da gorar ruwa da kayan canji da maganin sauro na shafawa kada su bar jakarki, saboda sauron da ke kawo dengi da rana yake cizo. Salla kam Alhamdulillah ba matsala, kusan ko wane mol da wurin shaƙatawa akwai ɗan masallaci da suke kira surau, da ɓangaren mata da wurin alwala, azahar tana shiga wajen ƙarfe 1 zuwa 1 da rabi, magariba wajen ƙarfe 7 zuwa 7 da rabi duk shekara.

Sai abu na biyu da zai ba ku haushi a farko: farashi biyu. Wurare da yawa akwai kuɗin mai MyKad, wato ɗan ƙasa, akwai na baƙo, kuma na baƙon wani lokacin ya ninka. Gidan zoo na Zoo Negara da gidan tsuntsaye na KL Bird Park da gidan kifaye na Aquaria duk haka suke. Ban ce kar a je ba, amma a ajiye su sai ranar salla ko yaro ya yi ƙoƙari a makaranta. Kuma a dinga nuna katin ɗalibi a tambaya, wasu wuraren suna ragewa, tambaya bata cin kuɗi.

KLCC kowa zai je don hoto da tagwayen benayen Petronas, hawa 88, amma mutane da yawa basa zagawa baya. A bayan akwai lambu babba da filin wasan yara da wani tafki marar zurfi da aka yi don yara su yi wanka, duk kyauta, ga masallacin As-Syakirin nan a gefe. Ki tafi da tawul da kayan canji kawai. In kun kai dare, daga ƙarfe 8 ake kunna ruwan nan mai tashi sama da fitilu kala kala. Na Gombak jirgin ƙasa na LRT ɗaya zaku hau ya sauke ku KLCC, na Serdang da Cyberjaya kuma tun 2023 da aka kammala layin jirgin MRT na Putrajaya abin ya zo da sauƙi, har tashar jami'ar UPM akwai. Ku sayi katin Touch 'n Go kowa da nasa, shi ake amfani da shi a jirgi da bas da kuɗin titi. A jirgin KTM Komuter akwai taragon mata zalla, in ke kaɗai ce da yara shi zaki shiga.

Inda ni nafi so kuwa shine Perdana Botanical Garden, tsohon lambu ne tun 1888 zamanin Turawan Ingila, shiga kyauta, inuwa ko'ina, ga tafki ga filin wasa. A ciki akwai wurin barewa, kuma ku nemi wata 'yar mitsitsiyar dabba da suke kira kancil, kamar barewa take amma bata fi zomo girma sosai ba. A tatsuniyoyin Malayu ita ce mai wayo da ke yaudarar kada da damisa, kamar dai Gizo a wurinmu, in yaranku suna makaranta da 'yan ƙasa zasu dawo maku da labarinta. Abin da yasa nake son unguwar nan shine komai na kusa da juna. In rana tayi zafi sai ku gangara gidan tarihin kayan Musulunci, Islamic Arts Museum, wanda aka buɗe a 1998. Nan kam ku ɗauki lokaci, kar ayi sauri. Akwai ɗakin da aka ƙera masallatan duniya ƙanana ƙanana, Harami da masallacin Annabi SAW da sauransu, yaro zai tsaya yana kallon Ka'aba da hasumiyoyi daga sama yana tambaya, abin da kika daɗe kina faɗa masa da baki yau gashi yana gani. Akwai ɗakin tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu daga ƙasashe daban daban, wanda ya taso da allo da tawada zaiji wani abu a ransa, sai ku nuna ma yara yadda rubutun kowace ƙasa ya bambanta. Ana biya amma ba tsada, har ɗakin karatu na yara suna da shi. Daga nan Masjid Negara tsallaka titi ne, ayi azahar. Ga kuma gidan tarihin 'yan sanda a kusa, da motocin sulke a tsakar gida, yara maza basa son barin wurin.

Wani wurin da ko waɗanda suka daɗe basu sani ba shine gidan tarihin babban bankinsu, Bank Negara Museum, a ginin Sasana Kijang. Kyauta ne, da sanyin esi, ba cunkoso. Akwai ɓangaren yara da ake koya musu tattali da ajiya ta hanyar wasa, da wani lungu da aka liƙe bangonsa da takardun kuɗi na ringit miliyan 1 ana ratsawa ta ciki, sai ɓangaren tsofaffin kuɗaɗe da na tsarin bankin Musulunci. Ranar ruwa babu kamarsa. Gidan kimiyya na Pusat Sains Negara a Bukit Kiara ma yana da araha in an gwada da Petrosains na cikin Suria KLCC, duk da Petrosains ɗin yafi ƙayatuwa. Irin waɗannan wuraren na gwamnati ku duba lokacinsu a waya kafin ku fita, wasu basa buɗewa ranar Litinin, wasu kuma suna rufewa lokacin Juma'a.

Tasik Titiwangsa da yamma in ba hadari, a hayi keke, yara su yi gudu, ana hango benayen garin duka daga bakin tafkin. Shikenan, shiga kyauta.

Na Serdang da Bangi da Cyberjaya, ku kam Putrajaya a ƙofar gidanku take, ban ga dalilin zama a ɗaki ba. Bayan Masjid Putra mai launin hoda da ke bakin tafki, ku shiga lambun Taman Botani, a ciki akwai wani gini irin na Maroko mai zane zane da ake kira Astaka Morocco. Sai Taman Warisan Pertanian inda aka shuka bishiyar roba da koko da kwakwar manja da 'ya'yan itatuwansu irin su rambutan da duriyan. Ku tsaya a gindin kwakwar manjan nan ku gaya ma yara cewa asalinta daga Afirka ta Yamma take, yau kuma Malesiya da Indonesiya ne kan gaba a manja a duniya, gara su taso da wannan tambayar a ransu.

In akwai mota ko kun haɗa kuɗi iyali biyu uku kun yi haya, to Kuala Selangor ita ce fitar da nake cewa kada kowa ya koma gida bai yi ba. Tafiyar bata kai awa biyu ba daga KL. Ku isa da yamma ku hau Bukit Melawati, tsohuwar ganuwar sarakunan Selangor ce, akwai manyan bindigogi na da da hasumiyar haska ma jiragen ruwa hanya. Akwai birai kala biyu a wurin, masu launin toka toka ɗin nan basu da faɗa, kuma jariransu ruwan lemo ne sak, yara har ihu suke in sun gani. Ɗayan kalar masu dogon wutsiya su ne 'yan fizge, kar a bar yaro ya riƙe leda ko abinci a gabansu. Bayan magariba sai ku wuce Kampung Kuantan, a saka muku rigar kariya ta ruwa, a ɗauke ku a ƙaramin kwalekwale da ake tuƙawa da hannu, cikin duhu, sai ku ga bishiyoyin bakin kogi sun cika da maƙesu, ƙwarin nan masu haske, dubbai, suna kunnawa suna kashewa lokaci ɗaya. Subhanallah. Babu yaron da zai manta wannan. Kar a kunna filashin waya, kuma a guji daren da wata ya cika ko ake ruwa, basa fitowa da kyau. In kun fita da wuri ku ƙara gaba zuwa Sekinchan ku ga gonakin shinkafa iya ganinku, sai dai garin Sinawa sun fi yawa, to a lura da inda za a ci abinci.

Tunda an zo maganar abinci, alamar halal ta JAKIM, hukumarsu ta harkokin Musulunci, zaku dinga dubawa, ko ku shiga shagon mamak na Musulmin Indiya, suna ko'ina kuma da araha. Roti canai da shinkafa da kaza yara basa ƙi. Sambal ɗinsu akwai yaji, kice tak pedas, shayi da lemo kuma sukari yayi yawa, kice kurang manis. Amma gaskiya in kuna da yara uku huɗu, ki dafa dafadukarki ko taliya ki zuba a kula ku tafi da tabarma, su ma 'yan ƙasar haka suke yi, ba wanda zai kalle ku.

Giwaye kuma sai Kuala Gandah a jihar Pahang, wajen awa biyu, cibiya ce tun 1989 da ake kula da giwayen da aka ceto, yara suna basu abinci da hannunsu. Batu Caves mai matakala 272 wurin bautar Hindu ne, ku san haka kafin ku je, kowa ya yanke ma iyalinsa, kuma birai sun yi yawa.

Ina roƙonku da Allah kan maganar rafi. Za a gayyace ku Kanching ko Janda Baik wanka, wuri ne mai kyau, amma ruwan dutse yana iya tasowa farat ɗaya in anyi ruwa a can sama ko da ku inda kuke rana ake. Da kun ga ruwa ya fara canja kala yana kawo ganye da itace, ku kwashe yara ku hau tudu, kar a tsaya tattara takalma. Yaron da ke da ciwo a jiki kar ya shiga, kuma in zazzaɓi ya biyo bayan wankan rafi a je asibiti a faɗa ma likita an shiga rafi, akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a irin wannan ruwan.

Kallo kuma za a kalle ku, barin ma a wajen gari. Wasu zasu so taɓa kitson 'yarki ko suyi hoto da ita, yawanci sha'awa ce ba mugunta ba, amma kina da ikon cewa a'a cikin murmushi, kuma ki koya ma yaran su ma su iya cewa basa so. Da sallama da hijabinki zaki ga fuska ta sake, sai tambayar daga ina kuke. Takardu dai kar a fita ba su, fasfo mai bizar da bata ƙare ba, na kowa har jariri, da katin makaranta, don ana tsayar da baƙi a duba, mu baƙar fata kuma an fi tsayar damu, in komai na hannu minti kaɗan ne ku wuce.

Iyayen gida maza, dan Allah ko rabin Asabar ne a ware, karatun ba zai gudu ba. Ku kuma mata ba sai kun jira su kullum ba, ku haɗu ku biyu ku uku na gini ɗaya ku hau MRT ranar aiki da safe lokacin da wuraren suke fayau, ku dawo kafin ruwan yamma. Lokacin ƙaramar salla da sabuwar shekarar Sinawa kuma kar ku ce zaku Melaka ko Port Dickson, kowa ya kama hanyar ƙauyensu, manyan tituna a cushe suke awa da awanni. A ranakun nan cikin KL ɗin ne yake yin sauƙi, sai ku zaga na cikin gari, tafiyar nesa a bari sai an koma aiki.