Yadda Nake Sa Iri a Maganaɗisu Don Ya Zuƙe Gubar Ƙasa

Ni irin mastad nake zaɓa, domin shukarsa na zuƙar dalma da kadmiyam, ƙarafa masu guba, daga ƙasa. Ina sa shi a maganaɗisu ne da fatan zai fi saurin tsiro da tsawon saiwa, ya fi zuƙar gubar. Raba busasshen irin gida biyu. Zuba kashi ɗaya a kwalba, ka ajiye tsakanin bakunan maganaɗisun lantarki mai ƙarfin militesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 200 na awa ɗaya. Cire agogonka tukuna, nawa ya taɓa rikicewa a wurin. Ɗaya kashin kada ka taɓa shi, da shi za ka gane ko wahalarka ta biya. Shuka kashi biyun rana ɗaya a ƙasar mai guba, ka lura da saurin tsiro da tsawon saiwa. Da sun yi girma, tumɓuke har saiwa, ka kai samfur ɗakin gwaji a auna gubar da kowane kashi ya zuƙa. Tunda shukar ta ɗauki guba, kada dabba ta ci, kada kuma ka ƙona a fili.