Ga 'yan uwa masu tahowa Yamai karatun lauya da harkar kuɗin waya

Salamu alaikum. Bana ma na ga yaran Sakkwato da Kano sun sauka, wai mastar ko dakta suke so a dokar mu'amala, wadda a nan ake ce ma droit privé, kuma kowa bakinsa fintek fintek, wato harkar kuɗi ta waya da intanet. To ƙanina zauna ka ji.

Jami'ar Abdou Moumouni tana Harobanda ne, hayin kogi, sai ka tsallaka gadar Kennedy, don haka nemi ɗaki can kusa kar kuɗin taksi ya cinye ka. Lissafi ma sai ka sake koyo, dala sefa 5 ce, jika kuma 1000, in mai shago ya ce dala ashirin to 100 yake nufi. Hausa za ta kai ka kasuwa, ɗan Zabarmanci ya ƙara maka farin jini, amma cikin aji Faransanci ne zalla, in bai zauna maka ba ka ba shi shekara guda ba kunya.

Inda aka fi shan wuya shi ne wannan: kai ka saba lauya ya tashi yana jero hukuncin alƙalan baya, nan kuwa aya ake tambaya, wace aya a wane kundi. Kundin farar hula na Nijar gadon Faransa ne, su Faransawa sun gyara babin yarjejeniya a 2016 sun sake lambobi, mu muna nan da tsoffin lambobin ayoyinmu irin su 1134 da 1382, saboda haka in ka sayi sabon littafin Faris ka kwafo lamba ido rufe wallahi malam zai ja maka jan biro. Harkar kasuwanci da kamfanoni da jingina kuwa ta OHADA ce, ƙungiyar da ta haɗa dokar kasuwancin ƙasashen Afirka 17, babbar kotunta tana Abijan. Kuɗin waya kuma BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na yammacin Afirka, ke riƙe da linzaminsa daga Dakar, umarninta na 2015 kan kuɗin da ake ajiyewa a waya ko kati shi za ka fara haddacewa, ka manta da CBN, babban bankin Najeriya, tukuna.

Ni a ganina maudu'in bincike yana bakin titi. Je ka zauna wuni guda wurin masu aika kuɗi na Nita ko Amana ko Airtel Money ka ga tsohuwa ta turo kuɗi lamba ta kuskure, wa zai biya, wakili ko kamfani? Saƙon waya ya isa shaida gaban alƙali? Ga mastar nan sukutum, har dakta ma.

In koyarwa kake hange, ƙarin girma ta hannun CAMES yake bi, hukumar da ke tantance malaman jami'o'in ƙasashe masu Faransanci a Wagadugu, kuma malaman shari'a sai sun shiga gasar agregasiyo, jarrabawar ƙarin girma da ake yi duk shekara biyu kafin a kira su manya. Ka fara fitar da maƙala tun yanzu, ka riƙa gaida malaminka kana ce masa Farfesa ko da kun saba. In Yamai ta yi maka cunkoso akwai sashen shari'a a jami'ar Tawa, ka leƙa can ma.