Yadda Ake More Aperitivo a Italiya Ba Tare da Giya ko Naman Alade Ba

Duk wanda ya je hutu Italiya zai lura cewa da zarar ƙarfe shida na yamma ya yi, kujerun da ke ƙofar shagunan shan kofi sukan cika da jama'a, kowa da tambulan a hannu da 'yan ƙananan faranti a gabansa. Wannan zama shi ake kira aperitivo, daga wata kalmar Latin mai nufin buɗewa, wato abin da zai buɗe wa mutum ciki kafin abincin dare, wanda Italiyawa ba su cika ci ba sai wajen ƙarfe takwas. Al'adar ta kafu a birnin Turin, inda Antonio Benedetto Carpano ya haɗa vermut, wata giya da ake jiƙa wa ganyaye masu ƙamshi, a 1786, kuma gaskiya ce mafi yawan abin da ake sha a wurin barasa ce. Duk da haka, wanda ba ya sha yana da kujerarsa, muddin ya san abin da zai nema.

Da farko ka zaɓi wuri, kuma ka isa tsakanin shida da bakwai kafin a cika. A Milan unguwar Navigli da ke bakin magudanan ruwa ta yi suna, inda shaguna da yawa ke jera abinci a kan dogon tebur, kuɗin abin shanka ya haɗa da na ci. Wannan shi suke kira apericena. A birnin Benis (Venice) tsarin daban ne, domin a ƙananan shagunan da ake kira bacari ana sayen lomomin cicchetti ɗaya bayan ɗaya, galibi a ci a tsaye.

Idan ma'aikaci ya zo, kalmar da za ka riƙe ita ce analcolico, ma'ana marar barasa. Ka nemi Crodino, wani lemo mai ruwan goro da ya fito daga garin Crodo a shekarun 1960, ko Sanbittèr mai ja wur, waɗanda duka biyun sukan zo a 'yar ƙaramar kwalba a zuba su kan ƙanƙara da yankan lemon zaƙi. Suna da ɗaci, kuma da gangan aka yi su haka, domin ɗacin ne ke tayar da sha'awar ci. Wanda ya saba da goro ba zai ga baƙon abu ba. Ni dai na fi son chinotto, baƙin lemo da ake yi da wani ɗan itace mai ɗaci na yankin Liguriya. Ka kula cewa Aperol da Campari da spritz duk barasa ne, ko da yake launinsu ya yi kama da na Crodino ko Sanbittèr ƙwarai, saboda haka ka tabbatar da abin da aka ajiye maka kafin ka kai baki.

Wajen abin tauna ne ake bukatar natsuwa. Zaitun, gyaɗa, soyayyen dankali da bruschetta, wato gasasshen burodi da tumatir da man zaitun, ba su da matsala. Amma prosciutto, salame, mortadella da pancetta naman alade ne, kuma akwai inda yake ɓuya: manyan zaitun da ake cusa wa nama a soya, mai suna olive ascolane, sukan ƙunshi alade, burodin piadina na gargajiya da kitsen alade ake kwaɓa shi, wanda suke kira strutto, sannan taralli, wani biskit mai siffar zobe, galibi da farar giya ake murza ƙullunsa. Ka ce senza maiale, wato ban da alade, kuma ka tambaya ba tare da jin nauyi ba. A Benis ka gwada baccalà mantecato, busasshen kifi da ake bugawa da mai har ya yi laushi, a shafa a kan burodi ko yankan tuwon masara.

Game da biya kuwa, tsayuwa a gaban kanta ta fi zama a tebur sauƙi, musamman a dandalin San Marko da ke Benis, don haka ka duba farashi kafin ka zauna. Idan ka gama sai ka ce il conto, domin ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema.