Yadda ake zaga gandun daji da kare

Kafin ka fita, tambayi ma'aikatan gandun ko ana shiga da kare. Wasu gandayen sun hana gaba ɗaya, wasu sun ware hanyoyi kaɗan, wasu kuma suna rufe hanyoyin a lokacin da tsuntsaye ke kwanci. Ka tabbata an yi wa karenka allurar rigakafin ciwon hauka, an kuma sa masa maganin kaska.

Igiya ita ce gaba da komai. Yi amfani da mai tsawon mita 1.5 zuwa 2, ka ɗaura ta a ɗamarar ƙirji maimakon wuya, don kada ya shaƙe idan ya fizga. Igiya mai zarcewa tana naɗewa da kanta cikin mariƙinta ba ta dace da daji ba: tana sarƙewa a itace, kuma kafin ka janyo shi ya riga ya kutsa ciyawa. Kare mai ladabi ma, da zomo ya gifta, kunnensa ya toshe. Ba sai ya kama komai ba ya yi ɓarna. Tsuntsuwar da ke ƙwai a ƙasa idan ya tashe ta, ƙwan na iya lalacewa a rana ko wani abu ya cinye kafin ta dawo.

Sai zafi, wanda mutane suka fi rainawa. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jiki, don haka ku fita da sassafe ko da yamma. Ɗora bayan hannunka a ƙasa na daƙiƙa 7. Idan ba ka jure ba, dagin kare ma ba zai jure ba. A rana yakan sha kamar mililita 50 zuwa 60 na ruwa ga kowane kilo na nauyinsa, wato kusan lita ɗaya ga mai kilo 20, kuma tafiya tana ƙara buƙatar. Ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan minti 20. Kada ya sha ruwan kududdufi, musamman mai koren gansakuka, domin wani irinsa guba ne. Idan ka ga yawu na dalala, dasashi ya yi ja wur, yana tangaɗi, kai shi inuwa, jiƙa masa jiki da ruwa mai sanyi, sannan ku nufi likitan dabbobi.

Kashinsa kuwa a kwashe a leda a fita da shi, saboda yana ɗauke da tsutsotsi da cututtukan da ke kama namun daji.

Idan maciji ya sare shi, kada ka tsaga wurin, kada ka ɗaure. Ɗauki karen a hannu don ya rage motsi, ka hanzarta zuwa asibitin dabbobi.

Da kun fito, laluba kunnuwa, hammata, matsematsi da tsakanin yatsu, nan kaska da ƙaya ke maƙalewa. Kama kaskar da matsefata dab da fata, ka ja a miƙe a hankali. Kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai, domin hakan na iya sa ta amayar da ƙwayoyin cuta cikin jininsa.