Yadda zaka zaɓi amfilifayan jita na dijital don atisaye a gida

Abu na farko da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni wane amfilifaya, wato na'urar da take ƙara wa jita sauti, zai saya don koyon jita a ɗaki shi ne, dan Allah ka manta da maganar wat tukunna, wato ma'aunin ƙarfinsa. Na san ita ce ke fara shiga ido, mutum yaga wat 100 a jikin kwali sai yaji ai wannan ne babba, amma a ɗaki ba ƙarfi kake nema ba, kana neman wanda zai yi daɗin ji alhali ka rage murya ƙasa sosai, ta yadda na ɗakin kusa ba zai buga maka ƙofa ba. Ni kaina da mai wat 100 na fara, wata da watanni ina fama da abin murɗa murya tsakanin sifili da ɗaya, in na ɗan taɓa shi da ɗan yatsa shiru kamar ba a kunna ba, in na ƙara kaɗan kuma gilashin taga ya fara rawa, babu tsakiya. Ƙarshenta na rage kunna shi, hannuna kuma ya koma baya.

Bari in ɗan yi bayanin mene ne shi wannan na dijital ɗin. Tsofaffin amfilifayoyin da aka yi suna dasu, irin na Fender da Marshall da Vox, da bawul suke aiki, wato waɗannan ƴan kwalaben gilas masu ɗaukar zafi, kuma wannan gurnanin mai daɗi da kake ji a kiɗa baya fitowa sai an ƙure musu murya an takura bawul ɗin. To na dijital kwamfuta ce ƴar ƙarama a cikinsa take kwaikwayon yadda waɗancan suke sarrafa sauti, shi yasa zaka iya samun gurnanin ko da muryar tana ƙasa. Kamfanin Line 6 ne ya fara yaɗa abin, ya fito da amfilifaya mai suna AxSys a 1996 sannan wata ƴar na'ura ja mai siffar ƙoda da ake kira POD a 1998, daga nan kowa ya shigo. Na yanzu sun yi nisa sosai, kunnen mai koyo bazai rasa komai ba.

Lissafin wat ɗin ma ba yadda ake zato yake ba. In ka ninka wat sau biyu desibel 3 kawai ka ƙara, desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti, ɗan bambanci ne kaɗan, sai ka ninka shi kusan sau goma kafin kunne yaji kamar ƙarar ta ninku. Kenan wat 10 zuwa 25 ya ishe ka a ɗaki har ya yi yawa. In kuma kana tunanin wata rana zaka fita dashi ku yi kiɗa da mai ganga, to nemi mai makunnin rage ƙarfi, misali Boss Katana-50 yana da wurin da zaka sa shi a wat 50 ko 25 ko rabin wat, wannan rabin wat ɗin shi ne na dare, kuma yana baka damar murɗa muryar a hankali ba tare da ta yi tsalle ba.

Girman sifika kuwa a nan nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, don ya fi wat tasiri a kan abin da kunnenka zai ji. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai masu kamar akwati da ake ajiyewa a ƙasa, sifika ɗaya, inci 8 kamar Fender Mustang LT25, inci 10 kamar Marshall Code 25, inci 12 kamar Katana-50. Akwai kuma na kan tebur masu ƙananan sifika guda biyu hagu da dama, irinsu Yamaha THR da suka fara fitowa a 2011 da sifikun wajen inci 3, da Positive Grid Spark 40 mai sifika biyu na inci 4, da Blackstar ID:Core 10. Babbar sifika tana tura iska, tsirkiyar nan mai kauri ta sama wadda take kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa zaka ji ta cika har a ƙirjinka, amma fa tana son a ɗan buɗe mata murya kafin ta farka. Ƙananan kuma an yi su ne don a zauna kusa dasu, a murya ƙasa-ƙasa suna cika ɗaki da faɗi, amsa-kuwwa tana yawo hagu da dama, sai dai in ganga ta shigo sun nutse. Ni a ganina in dai tsakaninka da Allah a ɗaki kawai zaka yi amfani dashi, na tebur ya fi, don yana daidai kunnenka kuma hannunka na kaiwa gare shi kana zaune. In ka sayi na ƙasa to ka ɗora shi a kan kujera ko ka jingina shi ya kalli fuskarka, da yawa suna cewa amfilifayansu ya dushe alhali ƙafafunsu yake yi wa kiɗa, sai su yi ta ƙara kaifin sauti har ya koma tsinin allura ga wanda ke zaune daga nesa.

Sai maganar da masu talla suka fi so, wai kala 30 na amfilifaya, kala 40 na kayan ƙawata sauti, saiti dubbai a intanet. Gaskiya sauti uku zaka rayu dasu, tsaftatacce guda ɗaya, mai ɗan kaushi guda ɗaya, sai mai gurnani sosai in kiɗanka na buƙata, da ɗan amsa-kuwwa a kai. In waɗannan ukun sun yi maka, sauran ƙari ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda zaka kai gare su. Wasu amfilifayoyin komai a fuskarsu yake, ka murɗa da hannu ka ji canji nan take, wasu suna da ɗan allo kamar LT25, wasu kuma rabin aikinsu sai da manhajar waya ko kwamfuta. Manhaja ba laifi bace, ta Spark ma tana iya sauraren waƙa ta nuna maka inda zaka danna yatsu, abin taimako ne ga mai koyo. Amma ka san halinka. Na taɓa zama da niyyar atisayen minti 30, jita a cinya, waya a hannu ina ta gwada saitin mutane ɗaya bayan ɗaya, da na ɗaga kai lokacin ya ƙare ban kaɗa layi ɗaya cikakke ba, kuma ba sau ɗaya hakan ta faru ba. In kai ma waya na janye maka hankali, ɗauki wanda zai yi aiki sosai ko wayarka tana wani ɗaki. Sannan ka tuna manhaja tana hannun kamfani, wata rana zasu iya daina sabunta ta, abin murɗawa kuwa yana nan.

Kafin ka biya ka juya bayansa ko samansa ka duba ramuka. Ramin hedifon dole ne, kuma ka tabbata sautin da yake fitarwa yana da kwaikwayon akwatin sifika a ciki, in babu gurnanin zai zo maka kamar kukan zuma a kunne. Ramin shigar da waƙa daga waya ko Bluetooth shima ka nema, don kaɗawa tare da waƙa ita ce take gyara maka lokaci, kuma lura, a wasu Bluetooth ɗin na saita sauti ne kawai ko sai ka sayi wani ɗan abu daban ka jona, ka karanta da kyau. USB yana baka damar ɗaukar kiɗanka kai tsaye a kwamfuta, jin kanka a rikodin yana nuna maka kuskuren da baka ji lokacin da kake kaɗawa. Abin saita tsirkiya a jiki yana da amfani kullum. In kuma gidan ko ƙaramar ƙara ba a so, akwai ƴan mitsi-mitsin da ake sokawa a jikin jitar kai tsaye a sa hedifon, kamar Fender Mustang Micro, babu sifika sam.

Tunda na ambaci hedifon, ka kula da kunnenka don Allah. Ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata a Amurka ita ce desibel 85 na awa 8, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin ya ragu da rabi, kuma da hedifon mutum baya sanin ya wuce gona da iri sai ya cire yaji kunnensa na ƙara.

In ka samu damar gwadawa kafin saye, je da jitarka in zai yiwu, don kowace jita da yadda take magana da amfilifaya. Kar ka bari a ƙure maka murya, komai yana daɗi da ƙarfi, kunnen ɗan Adam in ƙara ta yi ƙasa baya jin kauri da kaifi sosai, to ka rage shi daidai yadda zaka kunna ƙarfe goma na dare ka saurara. Fara da tsaftataccen sauti ka kashe duk kayan ƙawa, kaɗa tsirkiya ɗaya ka bar ta ta mutu da kanta, ka ji ko ƙarshenta yana tafiya sumul ko yana yankewa da wani ƙas-ƙas. Sai ka koma mai kaushi, ka kaɗa a hankali sannan ka kaɗa da ƙarfi, mai kyau zai bi hannunka, ya lafa in ka lafa ya yi gurnani in ka danna, haka in ka rage muryar jikin jitar ya kamata kaushin ya ragu. Daga ƙarshe ka ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin ka yi shiru ka ji yawan huci da yake yi shi kaɗai, ɗan kaɗan ba komai musamman da gurnani a kunne, amma in ya yi yawa a shago to a ɗakinka da dare zai fi haka damunka. Na hannu ma ba laifi in kuɗi sun yi kaɗan, kawai ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi, ka girgiza kebul a raminsa, ka bar shi a kunne kamar minti 15 ka ga ko zai ɗauke.