Filtar kamara a rana da ƙurar Zariya: wadda za ka saya da yadda za ka yi aiki da ita

A zamanin kamarar fim, mai hoto kan yi yawo da filtoci, wato gilasan da ake ɗaurawa a bakin lensi, masu launi, ja da rawaya da shuɗi. Yanzu kamara da kwamfuta sun karɓe wannan aikin. Abu uku ne suka gagari kwamfuta. Ba ta tare ƙura daga gilashin lensi, ba ta dawo da abin da ƙyallin ruwa ya rufe, ba ta kuma ceto hoton da haske ya riga ya ƙone. Filtar da ba ta yin ɗaya daga cikin ukun nan, bar ta a shago.

Kafin ka fita kasuwa, duba bakin lensinka ko bayan murfinsa. Za ka ga alamar ø da lamba a gefenta, misali 49, 52, 58, 67 ko 77. Faɗin tiredin da ake murɗa filta a kai ke nan a milimita, kuma ba shi da alaƙa da lambar da ake kiran lensi da ita. Lensin Canon 50mm f/1.8 STM filtar 49 yake ɗauka, ba 50 ba. Mai lensi biyu ko uku ya sayi filta daidai da mafi faɗinsu, ya haɗa da zoben ƙari na ɗaura babbar filta a ƙaramin baki. Zoben bai kai filta tsada ba, sai dai yakan hana hular lensi mai tare hasken gefe zama.

Filtar UV ba ta ƙara wa hoton dijital komai, domin kamarar tana da abin tace hasken UV, wanda ido ba ya gani, a cikinta. Amfaninta garkuwa ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗauke da ƙura mai laushi kamar garin fulawa, haka ranar hawan Sallah idan dawaki suka tayar da ƙasa a ƙofar fadar Zazzau. Gara a yi ta goge gilashin da za a iya sauyawa da a karce fuskar lensi. Amma da dare ka cire ta. A wajen biki, inda fitilu ke fuskantar kamara, haske kan yi ta kai-komo tsakanin filta da lensi, sai ka ga koren ɗigo ya zauna wa amarya a goshi. Mai arha wadda ba a yi wa shafen hana ƙyalli ba ta fi yin wannan ɓarna.

Wadda ta fi cancantar kuɗinka ita ce folaraiza, filtar da ke kashe ƙyalli. Nemi mai rubutun CPL, domin tsohon samfurin da ba shi da C kan rikita fokas da ma'aunin haske a kamarar DSLR, mai madubi a ciki. Zobe biyu gare ta: ɗaya a ɗaure, ɗaya yana juyawa. Ka sa ido a kamara kana juya na gaban a hankali, za ka ga sama ta yi duhu, ganyen mangwaro ya daina sheƙi ya koma kore shar. Juya ta zuwa wajen da ake bi a ɗaure ta, kada ta kwance ta faɗi. Idan bakin lensinka na juyawa lokacin fokas, kamar wasu tsofaffin lensin 18-55mm, yi fokas tukuna.

Ƙarfinta ya dogara da inda rana take. Nuna rana da ɗan ali, ka miƙe babban yatsa, ka juya hannu. Duk inda babban yatsan ya nuna, nan ta fi aiki. Da safe ko da la'asar, ka fuskanci arewa ko kudu ke nan. Mai ɗaukar Dutsen Kufena da damina, gajimare ya taru a bayansa, zai ga bambanci tun a allon kamara. A bakin dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, karkata kamarar kimanin digiri 35 daga fuskar ruwa, ƙyallin zai yaye har a ga duwatsun gefe.

Akwai inda ba ta da kataɓus. Hazon hunturu ba ya jin ta, domin ƙwayoyin ƙura suna watsa haske ta kowane ɓangare. Komai juyi, sama fara za ta fito. Ba ta kashe walƙiyar tsuran ƙarfe, saboda haka takobi da kayan adon doki za su ci gaba da sheƙinsu. A lensi mai faɗin gani, ƙasa da 24mm, takan bar sama rabi duhu rabi haske. A fuskar mutum kuma a yi hattara. Tana ɗauke ƙyallin zufa, amma baƙar fata da ɗan sheƙin nan take fitar da siffar kumatu da hanci. Aka kashe shi duka, fuska ta zama kamar an shafa mata toka. Tsaya a rabin ƙarfinta.

Tana kuma cin haske, mataki ɗaya zuwa biyu, kowane mataki kuwa rabin haske ne. Dokin da ke sukuwa yana son shota, wato lokacin da kamara ke buɗewa haske ya shiga, 1/1000 na daƙiƙa. Da folaraiza zai iya faɗowa 1/250, ƙafafu su yi dishi-dishi, sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kamara, daga 100 zuwa 400 ka rama.

Filtar ND baƙin tabarau ce kawai. ND8 na rage mataki 3, ND64 mataki 6, ND1000 mataki 10. Masu bidiyon biki su suka fi buƙatarta. Ɗaukar firam 25 a daƙiƙa tana son shota 1/50, kuma a tsakar rana, a ISO 100, wannan sai an tsuke ƙofar haske zuwa wajen f/22, inda ango da kujerun bayansa da tantin duk za su fito tar. Daga f/22 zuwa f/2.8 mataki shida ne, wato ND64 ke nan. Ka ɗaura ta, ka buɗe ƙofar zuwa f/2.8, bayan ya narke, motsi ya zauna daidai.

Ga mai son ruwan Kogin Galma ya kwanta luf kamar madara a watan Agusta, ND1000 ce. Kafa kamara a kan ƙafa-uku, yi fokas ba filta, mayar da lensi MF, wato fokas na hannu, kashe abin rage girgiza, ka kuma cire ISO daga sarrafa kansa. Duba shotar da kamara ta ba ka, sannan ka ɗaura filta ka ninka lokacin sau dubu: 1/125 zai koma daƙiƙa 8, 1/250 daƙiƙa 4. Rufe tagar leƙawa ta DSLR, in ba haka ba haske zai shiga ta baya ya ja jan layi a hoton. Sa agogon daƙiƙa biyu don kada yatsa ya girgiza ta, ka ɗauka a RAW, ɗanyen fayil mai sauƙin gyaran launi, saboda filta mai duhu sosai takan karkatar da launi. Ko da ita a ɗaure, kada ka leƙa rana ta tagar.

ND mai juyawa tana rage wahalar sauye-sauye, amma idan aka ƙure ta sai baƙin gicciye ya bayyana a tsakiyar hoto. Kada ka wuce alamar ƙarshe da ke jikin zobenta. Kada kuma ka ɗora filta kan filta, kusurwoyin hoto za su yi baƙi.

Wajen gogewa, fara hure ƙura da abin hura iska na roba, sannan ƙyalle mai laushi na tabarau. Gefen riga a kan ƙurar hunturu tamkar sanfefa ne. Idan filta ta cije, matse ta da yatsu biyu na ƙara lanƙwasa zoben ya ƙara kamawa. Zagaya mata robar ɗaure kuɗi, ka kama da yatsu duka a sassauce, ko ka kifa lensin a kan tafin takalmin roba mai tsabta ka murza a hankali.