Injin zarto ba gatari ba ne: kurakuran sabon hannu da yadda za a gyara su

Farkon damina, in iskar hadari ta ratsa Katsina da daddare, da safe sai ka tarar da bedi kwance a kan katangar wani, ko reshen gawo ya tare hanyar gona. Kafin hantsi kukan injin zarto ya cika unguwa, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa. A irin wannan ranar ce masu inji ke samun aiki fiye da ƙarfinsu, sai a miƙa wa yaron da jiya-jiya yake ɗauko jarkar mai, a ce masa "yanka kawai". Domin shi na rubuta wannan, da kuma duk wanda ya tara kuɗi ya sayi inji yana ganin tunda ya iya gatari ai an gama.

Gatari sai ka ɗaga yake sara. Sarƙar inji kuwa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma raunin da take yi yaga ne mai kwashe nama, wanda likita ke shan wahalar ɗinkewa.

Kuskuren da ya fi illata mutane shi ne yanka da kan takobi, wato ƙarshen dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa. Ɓarin sama na wannan kan, in ya taɓa itace, ko ya ci karo da wani reshe da ke ɓoye a bayan wanda kake yankawa, sai injin ya yi harbi irin na jaki: takobin ya zaburo sama ya nufi fuskarka ko kafaɗarka kafin ka ƙifta ido. Ba wanda saurinsa ya kai ya kauce, don haka shirin ake yi tun kafin abin ya faru. Ka yi yanka da gindin takobin, kusa da jikin injin. Idonka ya riƙa bin inda kan yake, musamman a cikin tarin rassa. Hannun hagu a mariƙin gaba, babban yatsa ya zagaye shi ta ƙasa, gwiwar hannun a miƙe. Dama a mariƙin baya. Ko bahago ne kai, haka za ka riƙe, don a haka aka ƙera injin. Sannan ka ɗan karkata hagu, kada kanka ya yi saiti da takobin, yadda in ya harba zai wuce ta gefen kafaɗarka.

A nan birkin sarƙa ke da amfani, wato robar nan da ke gaban hannun hagu, wadda in ta turu gaba take tsayar da sarƙa nan take. Na sha ganin injin da aka cire masa ita, wai tana hana sauri, ko ta karye an ɗaure da waya. Kowace safiya ka gwada ta: ka ba injin wuta, ka tura ta da bayan hannu, sarƙa ta tsaya cak. In ba ta tsaya ba, aikin ranar na bakanike ne. Wannan ne ma ya sa ba na son sabon hannu ya fara da manyan injunan masu tsaga katako, irin su Stihl 070. Nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a saka takobi, kuma da yawansu ba su da birkin sam. Ka koya da ƙarami mai gajeren takobi tukuna.

Tayar da injin ma akwai inda ake ɓata shi. Za ka ga mutum ya riƙe shi da hannu ɗaya, ya wurga shi ƙasa yana fizgar igiya, takobi na lilo kusa da cinyarsa. Ajiye shi a ƙasa mai tauri, ka danna birki, ka taka mariƙin baya da ƙafar dama, hannun hagu a na gaba, sannan ka ja. Ka matsa aƙalla mita 3 daga inda ka zuba mai. In injin na silo amma sarƙa na tafiya, saitinsa ya lalace. Kuma kada ka yi tafiya da shi a kunne daga wannan itace zuwa wancan. Kashe shi, ka juya takobin baya, salansa nesa da jikinka.

Sai tufafi, wanda mutanenmu suka fi raina wa. Jamfa mai faɗin hannu, kaftani, rawanin da aka naɗa don ƙura jelarsa na reto, silifas: duk abincin sarƙa ne. Ka sa kaya masu kama jiki da takalmi mai tauri wanda ya rufe idon sawu. Akwai wandon kariya da aka cusa wa dogayen zare, waɗanda ke cushe injin su tsayar da sarƙa in ta taɓa shi. Yana da tsada, yana da zafi a watan Afrilu, amma ƙafa da cinya na cikin wuraren da injin ya fi cafka. Tabarau da hular kwano dole ne. Kunne kuwa a hankali yake tafiya: ƙarar injin ta haura desibel 100 (ma'aunin ƙarfin ƙara), alhali daga 85 ji yake fara lalacewa in an daɗe, kuma ba ya dawowa. Abin toshe kunne bai kai kuɗin litar fetur biyu ba.

Ƙasarmu rairayi ce, kuma ɓawon itace a nan cike yake da ƙurar hunturu, ga ƙasar da gara ke ɗorawa. Sarƙa ta taɓa ƙasa sau ɗaya, kaifinta ya tafi. Alamar dakushewa ba ta ɓuya: maimakon ɓarɓashi mai kauri sai ka ga gari kamar dusa, kana dannawa da ƙarfi, hayaƙi na tashi, yankan na karkacewa. Sabon hannu sai ya ƙara ƙarfi, gajiya ta zo, kuskure ya biyo. Tsaya ka wasa ta da zagayayyen magagari daidai girman haƙoranta, kowane haƙori adadin goga ɗaya. Ƙirya da tsamiya masu taurin tsiya za su sa ka yawaita wasawa. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne goge ɗan tudun nan da ke gaban kowane haƙori har ya shafe, wai don injin ya ƙara ci. Zai ci kam, amma harbinsa ma ƙaruwa yake. Bedin cikin gari kuma ka dudduba shi da kyau, don ba ya rasa ƙusa ko tsohuwar wayar da aka ɗaure akuya da ita, naman itacen ya rufe ta.

Sarƙa kada ta yi lako-lako a ƙarƙashin takobi, kada kuma ta ɗame har ta ƙi jawuwa da hannu. A kashe ake dubawa, da safar hannu, kuma sabuwa tana saurin saki. Man sarƙa daban yake. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda kowa ke zubawa don araha, yana ɗauke da garin ƙarfe mai cinye famfon man sarƙa da takobi. Haɗin fetur kuwa a auna shi, ban da ƙiyasin ido. Injin da littafinsa ya ce 50:1, mililita 100 na man 2T, wato man injin da ake gaurayawa da fetur, ake zubawa a lita 5 na fetur. Wanda ya ce 25:1, sai a ninka.

Kayar da itace a tsaye shi ne aikin da bai kamata ka fara shi kai kaɗai ba. Masu garaje yanka ɗaya suke yi daga baya har su ratsa, itacen ya faɗi inda ya ga dama, ko ya zauna a kan takobi ya matse shi. Da farko duba inda ya karkata, inda rassa suka fi nauyi, da inda iska ke kaɗawa. Ƙwanƙwasa gindin ka ji, don tsohon itacen da gara ta rarake cikinsa ba ya bin ƙa'ida. A ɓangaren da kake so ya faɗi, ka cire baki mai siffar yankan kankana, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin itacen. Sannan ka koma baya ka yanka ɗan sama da gindin bakin, amma kada ka haɗe su. Ka bar naman itace kamar kashi ɗaya cikin goma a tsakani. Shi ke riƙe itacen yana juya shi kamar ƙyaure. Tun kafin ka tada inji ka share hanyar gudu, baya ta kusurwa, ba saitin gindin ba, don gindi na iya zillowa. Yara kuwa, da ke taruwa da zarar sun ji ƙara, a sa babba ya kore su nisan tsawon itacen sau biyu. In reshe ya kusanci wayar lantarki, sai masu wuta sun zo sun kashe. Ka kuma nemi izinin malaman daji tukuna, balle a ƙasar Daura, irin su Zango, Baure da Mai'aduwa, inda kowane gawo ke tare rairayi yana kuma taki gona.

Wanda iska ta kayar ya fi na tsaye yaudara, don a ɗame yake kamar baka. Gungumen da ke kan abu ta gefe biyu, fara yanka kaɗan daga sama, ka ƙarasa daga ƙasa. Wanda ƙarshensa ke reto, fara daga ƙasa, ka ƙarasa ta sama. In takobi ya maƙale, kashe injin ka ɗaga gungumen da sanda, ban da fizga. Kada ka yi yanka sama da kafaɗarka, kada ka hau tsani ko reshe da inji a kunne.

Gajiya ma kuskure ce in aka ƙi saurarenta. Aikin nan na sanyin safiya ne, musamman da azumi. Masu haɗiyar ƙwaya don su jure, ƙarfin suke ji, amma lissafin ya tafi.

In tsautsayi ya gitta, a danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe, kada a zuba ƙasa, toka ko fetur. A nufi asibiti mafi kusa nan take, babban asibitin Daura ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, a kuma yi allurar tetanos. Saboda haka kafin ka ja igiya a daji, ka tabbata akwai mutum na biyu, da babur mai mai a tanki, da wayar da ke da caji.